Wane tsarin kiwon lafiya ya fi dacewa da masu cutar mantuwa a gidan kula da tsofaffi?

Gidajen kula da tsofaffi biyu kan yi kama a ido: ɗakuna tsaf, abinci a kan lokaci, ma'aikata da fara'a. Inda suke rabuwa shi ne ranar da tsohuwar da ta saba cinye abincinta ta ture kwano, ko dattijon da ya saba zirga-zirga a baranda ya wuni a kujera kansa a sunkuye. Wa ke lura? Wa ake kira, kuma awa nawa kafin ya iso? In ya iso, ya san mutumin ne ko yau ya fara ganinsa? Duk mai neman wa iyayensa gida, da shugaban gidan da ke son ƙulla yarjejeniya da masu aikin lafiya, a nan ya kamata su sa ido.

Aikin likita ya dogara ne da abin da majiyyaci ya faɗa masa, ita kuwa cutar mantuwa abin da take fara ɗaukewa ke nan. Mai ita ba zai ce haƙorinsa na ciwo ba, sai dai ya daina taunawa. Ba zai ce fitsari ya riƙe masa ba, sai dai ya kai wa mai canza masa tufafi duka. Tunda bakin ya tafi, abin da ya rage shi ne sanin yadda mutumin yake a kullum, don a gane ranar da ya sauya. Tsarin da ke tara wannan sani, ya kuma kai shi hannun wanda ke da ikon yanke shawara, shi ne mai kyau. Sauran abubuwa ƙari ne.

Hanyoyi biyar da ake bi

Hanya ta farko, kowane tsoho yana nan da likitansa na da, ana kiransa in buƙata ta taso. Amfaninta a fili yake: likitan ya san mutumin tun yana cikin hayyacinsa, ya san tarihin hawan jininsa, iyali kuma sun yarda da shi. Matsalar ita ce gida mai mutum 40 zai iya samun kansa yana hulɗa da ƙananan asibitoci 10, kowanne da takardunsa da lambar kiransa da ranar sabunta maganinsa. Kuma galibi ba likitan da aka sani ke zuwa ba, wanda ke bakin aiki a ranar ne. Babu wanda ke zuwa sai abu ya riga ya lalace, magunguna kuwa sai a yi ta maimaita su wata bayan wata ba wanda ya zauna ya tambayi amfanin kowanne.

Ta biyu, a ɗaura wa gidan likita ɗaya ko asibiti ɗaya, yana zagaye a tsayayyar rana kowane mako. Ingila ta mayar da wannan ƙa'ida a 2020: kowane gida da rukunin likitocin da ke da alhakinsa, da jagora mai suna, da zagayen mako-mako, da rubuta tsarin kulawa cikin kwanakin aiki 7 da shigar mutum. Holan ta fi haka nisa, domin tun 1990 ta amince da likitancin gidajen tsofaffi a matsayin fanni mai zaman kansa, yanzu horonsa shekara 3 ne, likitocin kuma yawanci ma'aikatan gidajen ne da kansu. Ƙarfin wannan hanya shi ne likitan da ya ga mutum makon jiya shi zai gan shi yau. Inda take lalacewa shi ne zagayen ya koma zaman ofis: likita da shugaban gida su bi jerin sunaye, a sa hannu a takardu, a tashi ba a shiga ɗakin kowa ba.

Ta uku, ƙwararriyar nas mai ƙarin horo, wadda a wasu ƙasashe doka ta ba ta ikon rubuta magani, tana zuwa sau da yawa a mako, da likita a bayanta. A Amurka shirin Evercare ne ya yi suna da wannan, kuma binciken da aka yi a kansa ya nuna masu cikinsa sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Nas ta fi likita lokaci. Takan tsaya ta kalli yadda ake ba mutum abinci, ta nuna wa ma'aikata yadda ake duba fatar ɗuwawu da dunduniya, ta kira iyali. Raunin hanyar biyu ne. In ba ta da ikon tsayar da magani ko fara shi, to saƙo kawai take kaiwa, an ƙara tsani ɗaya kafin a kai ga likita. Sannan gidan kan rataya komai a wuyanta, ranar da ta tafi hutu a rasa mai gane abin da da can ma'aikata ke ganewa da kansu.

Ta huɗu, tawagar ƙwararru da ake turo wa takarda su zo: likitan ƙwaƙwalwa na tsofaffi, nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa, masanin harhaɗa magunguna, mai duba haɗiya, likitan gashin ƙashi da motsa jiki. Zurfin iliminsu babu tamka, amma sukan zo bayan jira, su rubuta shawara, su rufe fayil. In babu mai tsayawa a kan shawarar, a aljihun tebur take ƙarewa.

Ta biyar, ganin likita ko nas ta bidiyo ko waya, musamman da dare da ƙarshen mako. Wani bincike a gidaje 11 na jihar Massachusetts da aka wallafa a 2014 ya gano cewa kai mutane asibiti ya ragu sosai ne kawai a gidajen da ma'aikatansu suka riƙa amfani da na'urar da gaske. Sayen kayan bai wadatar ba. Kuma wanda ke can ƙarshen waya ba ya iya taɓa ciki ya ji mafitsara ta cika, ba ya jin ƙirji, mai cutar mantuwa kuma sau da yawa ba ya gane cewa fuskar da ke kan allo da shi take magana. Ingancin ganin bidiyo daidai yake da ingancin ma'aikacin da ke riƙe da na'urar a gefen gado.

Gida mai hankali yakan haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan. Don haka tambayar ba ita ce wanne ake da shi a takarda ba. A ɗauki matsalolin da aka san dole su zo, a ga yadda kowane tsari ke yi da su.

Ciwon da ba a faɗa ba

A Norway an yi gwaji da mutum 352 masu cutar mantuwa mai matsakaici zuwa tsananin ƙarfi, waɗanda duk ke da tayar da hankali, aka wallafa a 2011. Aka ba wani rukuni maganin ciwo mataki-mataki na mako 8, yawancinsu farasitamol kawai, har zuwa giram 3 a rana. Tayar da hankali ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100 idan aka kwatanta da ɗaya rukunin, da aka janye maganin kuma ya fara dawowa. Ma'ana, kaso mai yawa na abin da ake kira rigima ko taurin kai, ciwo ne.

Akwai ma'aunai da aka yi don wanda ba ya iya magana. PAINAD na duba abu 5: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, yadda jiki ke ɗaurewa, da ko rarrashi na kwantar da mutum. Kowanne daga 0 zuwa 2, jimla 10. Akwai kuma ma'aunin Abbey daga Ostareliya mai abu 6. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna mutum yana kwance shiru, a rubuta sifili. Ciwon gaɓoɓi da na baya a lokacin motsi suke fitowa, don haka lokacin awo shi ne lokacin da ake ɗaga shi, ana masa wanka ko ana sa masa riga. Kuskure na biyu, a rubuta maganin ciwo "in ya nema". Wanda ba ya iya nema ba zai taɓa samu ba. A rubuta shi a kan tsayayyen lokaci na mako 1 zuwa 2, a sake awo, in babu sauyi a tsayar. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba kuma a rage masa adadin farasitamol saboda hanta.

A wannan fage hanya ta uku ce kan gaba, domin nas na nan a lokacin wanka. Zagayen mako-mako na biye in har ma'aikata na cike ma'aunin kafin likita ya zo. Hanya ta farko da ta biyar su ne a baya: wanda aka kira don "ya hana mutane barci" yana da minti 10, abin da ya fi sauƙi a hannunsa shi ne maganin sa barci.

Ruɗewar farat ɗaya

Cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni. Mutumin da ya sauya cikin awoyi ko kwana 2 ba cutarsa ce ta yi tsalle ba, wani abu ne ya same shi, kuma sau da yawa abu ne da ke warkewa. Nau'in da ake gani shi ne mai hayaniya, mai fizge-fizge da gane-gane. Nau'in da ke kisa a ɓoye shi ne mai shiru, inda mutum ke yawan barci, ya daina ci, ma'aikata kuma su rubuta cewa ya wuni lafiya tunda bai dami kowa ba.

Gwajin 4AT, wanda ake yi don gano irin wannan ruɗewa, bai kai minti 2 ba. Ana duba ko mutum a farke yake sosai, a tambaye shi shekarunsa, ranar haihuwarsa, inda yake da shekarar da ake ciki, a sa shi ya jero watanni daga ƙarshe zuwa farko, sannan a tambayi wanda ya san shi ko an ga sauyi na kwatsam. Maki 4 ko fiye na nuna akwai yiwuwar ruɗewar. Wannan tambaya ta ƙarshe ita kaɗai tana da maki 4, kuma baƙon likita ba ya da amsarta sai an ba shi.

Bayan nan sai neman dalili, kuma a nan ake gane sabis mai kyau. Mai kyau yana bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya: ciwo, kamuwa da ƙwayoyin cuta, taurin bayan gida, riƙewar fitsari, ƙarancin ruwa a jiki, sabon magani ko wanda aka tsayar kwatsam, sukari ya faɗi ko ya hau, faɗuwar da ba wanda ya gani. Marar kyau yana tsoma takardar gwaji a fitsari, ta canza launi, a ce ciwon mafitsara ne, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 7. Abin da ya sa wannan kuskure ne: a gidajen tsofaffi har kusan rabin mata na ɗauke da ƙwayoyin a fitsarinsu ba tare da suna cutar da su ba, masu robar fitsari ta dindindin kuwa kusan dukkansu. Takardar za ta canza launi ko da abin da ke damun tsohuwar bayan gida ne na kwana 5. Shi ya sa hukumomin lafiya na Ingila da Sikotilan suka ce a daina dogaro da wannan gwaji ga waɗanda suka haura shekara 65. A tambayi gida ko akwai takardar da ake rubuta fitar bayan gida kullum, da mai duba ta. Tambaya ce da ba ta da daɗin yi, amma amsarta na faɗin abu da yawa.

Magunguna: wa ke da ikon cewa a daina?

Nan ne bambancin hanyoyin ya fi girma, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Magungunan taɓin hankali irin su risperidone, quetiapine, olanzapine da haloperidol ana ba masu cutar mantuwa su don kwantar da su. A 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haɗa gwaje-gwaje 17 ta gano mace-mace sun kai kusan kashi 4.5 cikin 100 a masu shan sababbin magungunan, a kan 2.6 a masu shan ƙwayar da ba magani cikinta, cikin kusan mako 10. Ta sa gargaɗi mafi tsanani a takardar bayaninsu, a 2008 ta faɗaɗa shi ga tsofaffin irin su haloperidol. A 2009 rahoton Farfesa Sube Banerjee ga gwamnatin Birtaniya ya ƙiyasta cewa mutum 180,000 ake ba su, ƙila 36,000 ne kawai ke amfana, ana kuma samun ƙarin mutuwa kusan 1,800 a shekara. Ban da mutuwa akwai shanyewar ɓarin jiki, faɗuwa, sandarewar jiki da shaƙewa wajen haɗiya. Masu nau'in cutar da ake kira Lewy, waɗanda ke gane-gane da tafiya irin ta masu cutar Parkinson, ƙwaya kaɗan na iya kwantar da su warwas.

Wannan ba ya nufin haramun ne a ba da su. Mutumin da ke cikin tsananin firgici, ko ke neman raunata kansa ko wani, bayan an duba ciwo da ruɗewa ba a samu ba, ana iya fara masa risperidone a miligiram 0.25 sau 2 a rana. A Birtaniya lasisinsa na wannan aiki na mako 6 ne, ƙa'idar 2018 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, kuma ta ce a sake duba lamarin aƙalla duk mako 6. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne baƙon likita ya fara shi a wani dare mai wuya, ko a dawo da mutum daga asibiti da shi, daga nan ya shige jerin magungunan da ake maimaitawa. Likitan gida na ganin likitan ƙwaƙwalwa ne ya rubuta, ba hurumina ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa ya riga ya rufe fayil. Shekara 2 sai su wuce.

Hanyar da ta fi magance wannan ita ce zagayen mako-mako da masanin harhaɗa magunguna a ciki. Shi ne zai lura cewa tsohuwa na shan donepezil don ƙwaƙwalwa, kuma tana shan oxybutynin don yoyon fitsari, alhali na biyun na rushe aikin na farkon ne kai tsaye. Shi ne zai ga amitriptyline da chlorphenamine da ke ƙara ruɗewa da bushewar baki da taurin bayan gida, ko glibenclamide, maganin ciwon sukari, a wajen wanda cin abincinsa ya ragu, wanda ke iya kayar da sukari cikin dare. Akwai jerin STOPP da START daga Ailan, da jerin Beers daga Amurka, da aka yi don wannan bita. A yi ta lokacin shigowa gida, bayan kowace dawowa daga asibiti, bayan kowace faɗuwa, sannan aƙalla duk wata 6 ga mai shan magunguna da yawa.

Amma rage magani shi kaɗai bai isa ba, in ba a sa wani abu a gurbinsa ba. Gwajin WHELD da aka yi a gidaje 69 na Birtaniya da mutum 847, wanda aka wallafa a 2018, ya haɗa horar da ma'aikata su san kowane mutum da abin da yake so, da ba shi aƙalla minti 60 a mako na hira ko wani aiki da ya dace da shi, da duba magungunan taɓin hankali. An samu ingancin rayuwa ya ƙaru, tayar da hankali ya ragu. Sauyin ba mai girma ba ne, amma ya kai abin da ake samu daga magungunan, ba tare da haɗarinsu ba. Tawagar ƙwararru, wato hanya ta huɗu, nan ne take da amfani na gaske, in tana zama da ma'aikata su bi diddigin abin da ke faruwa kafin rigima ta tashi: wane lokaci, wa ke wurin, me ake yi masa. Tawagar da duk ziyararta ke ƙarewa da sabuwar ƙwaya ba ta cancanci jiran da ake mata ba.

Wani ƙaramin abu da ke nuna tsari ko rashinsa shi ne niƙa magani a abinci. Ƙwayoyin da aka yi don su narke a hankali, in aka niƙa su, adadin awa 12 ko 24 zai shiga jini lokaci guda. Ɓoye magani a abinci kuwa sai da rubutacciyar shawarar likita da masanin magunguna da wakilin mutumin. Haka filastar maganin ciwo mai ƙarfi da ake mannawa a fata: ta fentanyl awa 72 ce, ta buprenorphine akwai ta kwana 7. In ba a rubuta inda aka manna ba, sai a sa sabuwa tsohuwa na nan a bayan kafaɗa.

Ci da sha, baki da kunne

A riƙa auna nauyi duk wata a sikeli ɗaya. Raguwar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wata 3 zuwa 6 abin dubawa ne, fiye da 10 kuwa babban haɗari ne. Ruwa da sauran abin sha, ƙa'idar Turai ta ce aƙalla lita 1.6 a rana ga mata, lita 2 ga maza, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Kafin a garzaya ga madarar ƙarin ƙarfi ta gwangwani, a buɗe bakin mutumin da tocila. Ruɓaɓɓen haƙori, farin ƙurajen baki, haƙoran roba da suka yi masa yawa bayan ya rame, duk suna hana ci. Wani bincike a gidaje 11 a Japan ya samu ciwon huhu a kashi 11 cikin 100 na waɗanda ake goge wa baki bayan kowane abinci, a kan 19 a waɗanda ba a yi wa, cikin shekara 2. Kaɗan ne daga cikin yarjejeniyoyin kiwon lafiya ke ambaton likitan haƙori da mai gwajin ido da mai duba kunne, sai an tambaya a sa. Dattin kunne da mataccen batirin na'urar ƙara ji sun sa an ce mutane da yawa cutarsu ta yi nisa.

Tari lokacin ci, ko murya ta koma kamar mai ruwa a maƙogwaro, na buƙatar mai duba haɗiya cikin kwanaki. A tambayi tsawon jira. Kaurara abin sha na rage shaƙewa a gwaji, amma mutane da yawa ba sa son sa, sai su rage sha su bushe, don haka ba abin da ma'aikaci zai fara da kansa ba ne. Robar ciyarwa kuwa, ga wanda cutarsa ta kai matakin ƙarshe, nazarce-nazarce ba su nuna tana ƙara kwana ko hana ciwon huhu ko gyambon kwanciya ba. Ciyarwa da hannu a hankali, mutum a zaune tsaf, cokali ƙarami, ita ƙungiyoyin likitocin tsofaffi ke ba da shawara.

Ƙarfe biyun dare

Akwai abubuwan da asibiti ne kawai maganinsu: karayar ƙugu, buguwar kai ga mai shan maganin tsinka jini, alamun shanyewar ɓarin jiki, zubar jini mai yawa. Gidan da ke alfaharin ba ya kai kowa asibiti abin tsoro ne. Amma ga mai cutar mantuwa asibiti na da nasa farashi: awoyi a kan gadon turawa cikin haske da hayaniya, ruɗewa, robar fitsari, rama, a dawo da shi ba ya iya tafiyar da ya fita da ita. A Ontario ta Kanada an gwada jinyar ciwon huhu a cikin gida a gidaje 22: maganin sha, ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, awon iskar oksijin, hoton ƙirji da na'urar tafi-da-gidanka, da nas mai bibiya. Kashi 10 cikin 100 aka kwantar a asibiti, a kan 22 a gidajen da aka ci gaba da kulawar da aka saba, mace-mace kuma ba su bambanta ba.

Abin da ke hana kiran motar asibiti ba gaira ba dalili abu uku ne. Ma'aikacin dare ya iya ɗaukar numfashi, bugun jini, hawan jini, zafin jiki da oksijin, ya kuma san lambobin da mutumin ya saba da su. A samu wanda zai ɗaga waya cikin mintuna, yana iya buɗe fayil ɗin mutumin. Sannan a samu rubutaccen tsari da aka yi da iyali tun da rana tsaka, mai faɗin abin da za a yi in zazzaɓi ya zo, in ya daina ci, in zuciya ta tsaya. Bidiyo na biyan buƙata ta biyu, amma ta farko da ta uku aikin masu zuwa da rana ne. Wani bincike a Boston ya bi mutum 323 masu cutar a matakin ƙarshe na wata 18: kusan kashi 55 cikin 100 sun rasu, kashi 41 sun yi ciwon huhu, kashi 86 sun sami matsalar ci. Waɗanda iyalinsu suka fahimci inda cutar ta dosa sun fi tsira daga wahalhalun jinya marasa amfani a watanninsu 3 na ƙarshe. Wannan hira ba a yin ta da baƙo ta waya. A duba kuma ko ana tanadar alluran ciwo da na numfashi da na firgici tun kafin a buƙace su, da wanda zai zo ya yi su a daren Asabar.

Alƙaluman da za a nema, da yadda suke ruɗi

Gida mai tsari zai iya faɗin mutum nawa ke shan maganin taɓin hankali da ranar da aka duba kowanne, sau nawa aka kira motar asibiti a wata 6 da ƙarfe nawa, mutum nawa suka rame, gyambon kwanciya nawa ya fara a cikin gidan, mutum nawa suka rasu a inda suka zaɓa. Rashin amsa ma amsa ce. Sai dai kowane adadi na da hanyar kauce masa. A Amurka, bayan shirin ƙasa na 2012 na rage ba da irin waɗannan magunguna, masu shan magungunan taɓin hankali a gidajen jinya sun ragu daga kusan kashi 24 cikin 100 zuwa wajen 14, amma tunda ba a ƙirga masu cutar sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, a lissafin, sai aka ga ana ta liƙa wa tsofaffi wannan cuta da ba su taɓa yi ba. Wani wurin kuma a sauya zuwa maganin barci ko na farfaɗiya da ba ya cikin ƙidaya. Gidan da ba a faɗuwa a cikinsa ƙila kowa a kujera yake wuni. Don haka a haɗa adadi da ido: a je da misalin ƙarfe 11 na safe a ƙirga masu barci a falo, a koma da yamma lokacin da aka fi samun tayar da hankali, a tambayi ƙaramin ma'aikaci, ba shugaba ba, sunan likitan gidan da ranar zuwansa na ƙarshe.

Ga wanda cutarsa ke farko-farko, yana iya bayanin kansa, maganinsa kaɗan, riƙe tsohon likitansa ba laifi ba ne, in dai likitan zai riƙa zuwa da kansa. Da zarar magana ta fara ƙwacewa, ko magunguna sun haura 5, ko an je asibiti sau 2 a shekara, zagayen mako-mako na likita ɗaya ya fi, mu a ganinmu da tazara mai yawa, kuma ya fi kyau in akwai nas mai ikon rubuta magani da ke cike tsakanin zagaye da zagaye. Gidan da ba shi da nas a cikin ma'aikatansa ya fi kowa buƙatar wannan nas ɗin da layin dare. Tawagar ƙwararru da bidiyo a ɗauke su a matsayin ƙari a kan wannan tushe. In za a rubuta yarjejeniya, a sa sunan likitan da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan, ranar zagaye, sharaɗin cewa sabon shigowa da wanda ya dawo daga asibiti za a gan su ido da ido cikin mako 1, awoyin da za a amsa kiran gaggawa a cikinsu, da sunan wanda ke da alhakin duba kowane maganin kwantar da hankali duk mako 6.